Sunan Maman Biyu a Kan Dutse

Wanzami ba ya son jarfa, in ji masu iya magana, kuma duk wanda ya san Farfesa ya san ba su yi ƙarya ba.

Aikinsa gansakukar dutse. Ba koriyar nan mai santsi da ke kwanciya a bakin rijiya ba. Wannan busasshen tabo ne da za ka gani manne a jikin dutse, ko a ɓawon tsohuwar bishiya, ko a katangar da aka manta da ita, wani toka-toka, wani rawaya, kamar an ɗiga fenti ya bushe. Kowa wuce shi yake yi. Shi kuwa Farfesa a gabansa ya ƙarar da ƙuruciyarsa, a durƙushe, da ɗan madubin ƙara girma rataye a wuya, har babu wandonsa ɗaya da gwiwarsa ba ta koɗe ba. Ya ce wannan ɗan gidan wane ne, wancan ɗan ƙanensa ne, ya ɓanɓaro da guduma da cizal, ya sa a ambulan, ya jera a kabad. An ce mai haƙuri kan dafa dutse ya sha romo. Matarsa, Maman Biyu, takan ce nata mijin ba ya ma jiran a dafa.

Masu wannan sana'a ba su da yawa a duniya, in an tara su kaf da kyar su cika motar bas biyu, amma dokarsu ta fi ta kotu tsauri. Wanda ya fara gano wani iri da ba a sani ba, shi ke raɗa masa suna da Latin, a buga a littafi. In daga baya aka gane ashe wani ya riga shi, ko da shekara ɗari ne, sunan farko ne ke tsayawa, na baya a sauke shi. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. To, wajen sauke sunayen mutane babu na biyun Farfesa. Abokan aikinsa Jan Biro suke ce masa, amma a bayan idonsa. Mutum zai yi shekaru yana tinƙaho da irin da ya gano, Farfesa ya duba sau ɗaya, ya gyara gilashi, ya ce, "Wannan ai an san shi tun kafin a haifi babanka." In an ce ya sassauta, sai ya ce gaskiya ɗaci gare ta amma ba ta kisa.

A gida kuwa, kalmar "na yi kuskure" ba ta taɓa ratsa haƙoransa ba. In ya ɓata hanya da mota, hanyar ce aka sauya. In ya sa takalmi wari-da-wari ya fita, gwadawa yake ya ji wanne ya fi taushi. Ranar da ya zuba gishiri a shayinsa, shanye shi ya yi tas, yana kallon matarsa ido cikin ido, ya ce da ma likitoci sun ce sukari ba shi da kyau. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Abu ɗaya ne ya sa Maman Biyu take ɗauke masa duk wannan, kuma yana rataye a falo, cikin firam mai ruwan zinare.

Asalinsa, lokacin da take da cikin tagwayenta, Farfesa, wanda a sannan ƙaramin malami ne, ya ce zai je wani tsauni ya dawo kafin a ce kwabo. Haihuwa ta zo ba ya nan. Sai da aka sallamo ta daga asibiti ya iso, ƙafa duk taɓo, riƙe da wani abu a ƙunshe cikin hankici.

"Mene ne wannan?" ta ce, yaro ɗaya a kafaɗa, ɗaya a cinya.

"Tsaraba."

Ta kwance. Dutse.

"Baban yara, matso kusa. Hannuna bai yi ƙarfin jifa mai nisa ba tukuna."

"Ba dutsen ba, abin da ke jikinsa. Duba gefensa, kin ga wasu 'yan gashi baƙaƙe kamar gashin ido? Babu wanda ya taɓa rubuta irinsa."

Ba ta duba ba, kuma ya daɗe yana cin abinci ba a ce masa sannu ba. Amma bayan shekara guda ya shigo da wani littafi mai kauri da aka buga a ƙasar waje, ya buɗe, ya ɗora yatsa. Ga zanen abin, ga dogon suna na Latin a ƙarƙashinsa, kuma rabin sunan na ƙarshe sunanta ne na yanka, an ɗan ja masa wutsiya. Ya ce ko bayan ba su, ko bayan ba jikokinsu, duk wanda ya tsinci wannan iri a kowane tsauni na duniya, dole ya kira sunanta.

Tun daga ranar ba a sake zaman lafiya da ita a unguwa ba. Ta sa aka yi wa shafin firam. Da ta buɗe shagon ɗinki, sunan ta sa a allo, da zanen gansakukar a gefe, har masu wucewa kan ɗauka fure ne. In wata ta zo tana yanga da sarƙar da miji ya saya mata, Maman Biyu sai ta cire allura daga baki ta ce, "Ma sha Allah. Ni nawa halitta guda ya ba ni." Ƙanenta, direban babbar mota, ya sa aka rubuta masa sunan a bayan motarsa da manyan baƙaƙe, ko da yake har yau bai iya faɗarsa ba.

Haka aka yi ta tafiya har furfura ta cinye kan Farfesa, lokacin ajiye aiki ya matso. Ya ɗaura niyyar barin babban littafi ɗaya da zai tattara dukkan dangin wannan gansakuka, kowa a mazauninsa. Saura shafi ɗaya ya rage masa, na matarsa, wanda ya bari ƙarshe kamar yadda ake barin tsoka a gefen kwano.

Akwai wani tsohon iri mai kama da nata da wani matafiyi ya rubuta tun zamanin da ake tafiya da dabbobi. Layi biyu kacal ya yi a kansa, bai ambaci gashi ba, bai ambaci komai ba. A ƙuruciyar Farfesa ba a iya samun aron irin waɗannan tsofaffin samfura daga ɗakunan ajiya na nesa, don haka da layi biyun ya yi hukunci. Yanzu kuwa duniya ta zo kusa. Ya nemi a aiko masa da ainihin guntun da matafiyin ya ɓanɓaro, don ya ajiye su gefe da gefe ya nuna wa duniya bambancin, a rufe bakin 'yan baya.

Mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki.

Ƙunshin ya iso da hantsi. Ɗakin ajiyar samfura na wurin aikinsa yana ƙasan bene, dogo, mai warin tsohuwar takarda da maganin asu, kabad-kabad na ƙarfe a jere har rufi. Dakta na nan, tsohuwar ɗalibarsa wadda za ta gaji kujerarsa, mace mai saurin hannu da saurin baki. Farfesa ya buɗe tsohuwar ambulan da ɗan hantsaki, a hankali, kamar mai canza wa jariri riga. Guntun bai fi farcen babban yatsa ba, ya goge, ya yi fari.

"Kin gani ko? Gefensa sumul kamar kan ƙwarya. Ina gashi?"

Ya sa shi ƙarƙashin babban madubi na kan tebur, yana 'yar waƙa a hanci. Ya juya shi. Ya ɗaga wani lungu da ya naɗe, inda hannun mutane bai kai ba duk tsawon shekarun nan. Waƙar ta tsaya.

A cikin lungun ga su nan a jere, baƙaƙe, 'yan siriri, kamar gashin ido.

"Datti ne," in ji shi.

Ya hura. Dattin bai motsa ba. Ya ɗauko kwalbar sinadarin da ake ɗiga wa gansakuka a ga launin da za ta juya. Ta matarsa takan yi rawaya, sannan ta rikiɗe ja kamar jini, kuma da wannan yake alfahari. Ya ɗiga ɗan ƙanƙani a bakin tsohon guntun. Ya yi rawaya. Farfesa ya riƙe numfashi, yana roƙo a zuci ya tsaya nan. Ya rikiɗe ja.

"Wannan kwalbar ta lalace. Kawo sabuwa."

Dakta ta kawo sabuwa. Ja. Ya yanki ɗan siriri ya auna ƙwayoyin irin da ke ciki, tsawo da faɗi. Ko uwa ɗaya uba ɗaya albarka.

Dakta ta leƙa madubin, ta ɗago, ta rufe baki da hannu. "Malam... ashe Mama ce."

"Na gani. Ina da ido."

"Sunan wa matafiyin ya sa masa?"

Farfesa ya san amsar, don ya taɓa ba ɗalibai labarin suna dariya. Matafiyin sunan alfadarinsa ya sa, dabbar da ta yi ta ɗaukar masa akwatuna a kan tsaunuka.

Dakta ta zauna a kan kujera tana ƙyaƙyata dariya. Da ta ga fuskarsa sai dariyar ta koma ciki. Ta rage murya, ko da yake daga su sai kabad.

"Malam, mu nawa ne a duniya za mu ɗaga wannan lungun? A mayar da shi ambulan, a ce ya goge da yawa, ba a iya hukunci. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Kafin wani ya sake dubawa, duk mun zama tarihi."

Farfesa ya daɗe yana goge gilashinsa da bakin riga. Ya tuna wani bawan Allah da ya sauke wa suna a gaban taro, mutumin da ya sa wa irinsa sunan mahaifiyarsa, yadda ya tattara takardunsa ya fita. A ranar Farfesa ko gezau bai yi ba.

"Rufe kwalbar," ya ce. "Zan yi tunani."

Ruwa ba ya tsami banza. Da zai koma gida ya tsaya a hanya ya sayo mata turare, abin da bai taɓa yi ba. Ya yaba miya. Ya kwashe kwanuka da kansa ya kai madafa, ya fasa ɗaya, ya buɗe baki zai ce da ma a tsage yake, sai ya ce, "Sannu." Maman Biyu ta bi shi da kallo ta saman gilashinta.

"Baban Biyu, likita ya faɗa maka wani abu ne?"

"Lafiyata ƙalau."

"To motar ka buga?"

"Mutum ba zai kyautata wa iyalinsa ba sai da dalili?"

"Mutum zai iya. Kai nake tambaya."

Ta koma kan abin da take yi. Riga take ɗinka wa kanta ta zuwa walimar ajiye aikinsa, kuma a wuyan rigar da hannuwa tana saƙa zanen gansakukarta da zare, har da 'yan gashin, ɗaya bayan ɗaya. Farfesa ya kalli allurar tana shiga tana fita, ya ji kamar a jikinsa.

Washegari sai ga ƙanenta Direba ya biyo, ya ajiye babbar motarsa ta toshe rabin layi. Tsakaninsa da Farfesa wasa ne tun ranar da aka kai ta ɗaki. Ya same shi a baranda ya zabga tagumi.

"Mai Duwatsu! Yaya, wani dutsen ne ya rasu?"

"Zauna, ina da tambaya. A ce wani mutum ya ba matarsa kyauta."

"To, ba kai ba ne ke nan. Ci gaba."

"Shekaru suka wuce, sai ya gane kyautar ba tasa ba ce, ta wani ce."

"Sata ya yi?"

"Ba sata ba. Rashin sani."

"Mai kayan ya zo nema?"

"Ya mutu tuntuni. Kuma ma dabba ce."

Direba ya dube shi sama da ƙasa. "Yaya Farfesa, na sha gaya wa Yaya ta rage barin ka a rana. To in mai kaya ya mutu, kuma dabba ne, wa zai kai ƙara? Mutumin ya ja bakinsa ya yi shiru. Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

"In kuma shi ne alƙalin da ya yi ta yanke wa wasu hukunci a kan irin wannan?"

"Sai ya nemi inda zai kwana, don in matar irin Yayata ce, gidan ba zai ɗauke su ba. Akwai katifa a bayan kujerar motata."

Bayan ya tafi, Farfesa ya bi bayan motar da kallo, sunan na ta rangaji a kan ramukan layin har ya sha kwana. Kowa ya ce masa ya yi shiru. Ya gwada a ransa: littafin ya fito, an yi walima, ta sa rigarta. Sannan wata rana, ko bayan ransa, wani yaro mai sabon gilashi ya ɗaga lungun nan ya ce, ashe Jan Biro ya gani ya rufe. Daga nan kuma duk sunan da ya taɓa saukewa sai a ce son rai ne. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ya miƙe, ya sa takalmi, ya duba ya tabbata iri ɗaya ne, ya nufi shago.

Ya same ta a kan teburin yanka, almakashi a hannu, tef ɗin awo a wuya. Ya so a ce ba almakashin. Ya tsaya ƙarƙashin allon da ke ɗauke da sunan, ya faɗa mata komai, a tsaye, kamar mai karanta darasi: guntun, lungun, gashin, ɗigon da ya yi ja, da dokar wanda ya riga.

Ba ta yi ihu ba, kuma wannan ya fi ba shi tsoro. Ta ajiye almakashin a hankali.

"Wato an cire ni."

"An sauke sunan."

"Wa ya sauke?"

"Ba a sauke ba tukuna. Ni zan sauke."

"Kai. Da hannunka." Ta dubi rigar da ke rataye, wuyanta ya kusa ƙarewa. Idonta ya kawo ruwa, ta mayar da shi da ƙarfin hali. "Ranar da na haifi yaran nan, kowace mace a ɗakin mijinta na bakin ƙofa. Ni nawa yana kan dutse. Na ce ba komai, ga abin da ya je nemo mini. Shi nake nuna wa mutane in sun ce me na gani a jikinka."

Farfesa ya sunkuyar da kai. Wannan ma sabon abu ne.

"Wace ce ta riga ni?"

"Ba mace ba ce."

"To wane ne?"

"Alfadari."

Mai koyon ɗinki da ke can ciki ta taka keken da ƙarfi don kada a ji abin da ya kufce mata. Maman Biyu ta ɗauki mayafinta da jakarta.

"Farfesa," ta ce, kuma ba ta kiransa haka sai in ruwa ya kai wuya, "mu je ka nuna mini. Ba a sauke ni a bayan idona ba."

Duk tsawon zamansu ba ta taɓa shiga ɗakin ajiyar ba. Ta sauka matakala tana toshe hanci. Dakta ta miƙe da sauri ta gaishe ta har ƙasa, ta jawo mata kujera, sannan ta nemi lungu ta maƙale. Farfesa ya ajiye guntaye biyu gefe da gefe, ya nuna mata yadda ake sa ido a madubi. Ta daɗe a sunkuye. Mai ɗinki ce, ta san gefen yadi in ta gan shi.

"Ɗinki ɗaya ne," ta ce a ƙarshe. "Ko makaho ya shafa ya san hannu ɗaya ya yi su. Kuma ashe abin kyakkyawa ne. Shekara da shekaru ina saƙa shi daga hoto." Ta sake leƙawa. "Mene ne wannan kore-koren a ciki?"

Bakinsa ya buɗe da kansa, don malami ko a bakin kabari aka yi masa tambaya sai ya amsa. Ya ce gansakukar dutse ba halitta ɗaya ba ce, biyu ne suke zaune tare. Ɗaya dangin fumfuna ne, shi ke kama dutse ya yi rumfa. Ɗayar 'yar koriyar ce, ita ke haɗa abinci daga hasken rana ta ciyar da su duka.

"Sunan na wane ne a cikinsu?"

"Na mai rumfar."

"Mai girkin fa?"

"Ba a... ba da ita ake kiran gidan ba."

"Uhm," in ji Maman Biyu. "Ashe har a kan dutse haka ne." Daga lungu aka ji Dakta ta yi tari.

"Shi kuma alfadarin, me ya yi aka ba shi?"

Farfesa ya ce shi ya yi ta ɗaukar wa matafiyin akwatunan duwatsu, hawa da gangara, shekara da shekaru.

Ta sake duban tsohon guntun. Sannan ta gyaɗa kai a hankali. "Allah sarki. Yana tsaye a rana da kaya a baya, mai shi na durƙushe yana leƙen dutse. Na san wannan tsayuwar. Ya riga ni shan wahalar, ba zan yi jayayya da shi ba. A bar masa." Ta juyo. "To ni sai a goge ni, kamar ba a yi ba?"

"A'a, ba a gogewa. Doka ta hana. Sunan da aka sauke ana rubuta shi a ƙarƙashin na farkon, da ƙananan baƙaƙe, har abada. Ba wanda zai sake ɗaukarsa ya ba wani iri."

"Rubuta in gani."

Ya jawo takarda ya rubuta sunan alfadarin a sama. A ƙasa ya rubuta nata, sannan a gefensa ya ƙara wasu baƙaƙe.

"Wannan na gefen fa? Ai sunanka ne."

"Sunan wanda ya raɗa. Dole a sa, don a san wanda ya..." Ya tsaya.

"Wanda ya me?"

Farfesa ya kalli rufi. Ya kalli kabad. Ya kalli Dakta, ita kuwa ta ga wani abu mai muhimmanci a farcenta.

"Wanda ya yi kuskuren."

Maman Biyu ta gyara zama. Ta cire gilashinta, ta goge, ta mayar. Wani haske ya fara taso mata daga haɓa.

"Tsaya in fahimta, kada in yi murnar banza. Za a buga a littafi cewa ka yi kuskure."

"Ba da waɗannan kalmomin ba."

"Amma duk mai sana'ar in ya gani ya gane."

"Zai gane."

"A duk duniya. Har bayan jikoki. Kuma kai ne za ka rubuta, ka sa hannu."

"Ni ne."

"Kuma ba a sake sauke shi daga nan?"

"Ina za a sauke shi? Ya riga ya kai ƙasa."

Ta tafa hannu sau ɗaya, ƙarar ta zagaya ɗakin. "'Yata, kin ji da kunnenki ko? Ke ce shaida. Mutumin nan ya sha shayi da gishiri don kada ya faɗi kalmar nan. Ya kai mu garin da ba mu nufa ba ya ce garin ne ya matso. Na haƙura, na ce sai dai a lahira. Ashe da rabon in gani a buge!"

"Maman Biyu, zan nemo miki wani. Akwai wani tsauni da ban gama..."

"Da waɗannan gwiwoyin? Zauna. Ka nemo sabo, gobe a ce na wani raƙumi ne. Wannan nake so. Na kwance ba ya faɗuwa." Ta ɗauki takardar ta duba ta da kyau, sunanta da nasa a layi ɗaya, ƙarƙashin alfadari. Muryarta ta ɗan sauka. "Da ka rufe lungun nan ka bar ni ina yawo da kayan aro, da shi ne ba zan yafe ba. Buga abinka, Baban Biyu."

Littafin ya fito kafin walimar. Ta je da rigarta, ba ta warware ko zare ɗaya ba, ta ce gashin ai na nan, ba shi aka sauke ba. Allon shago ma bai motsa ba. Direba ne kawai ya shiga uku, don da ya ji labarin sai ya ce a ƙara masa sunan alfadarin a saman na Yayarsa, tunda shi ma ɗaukar kaya ce sana'arsa, mai fenti kuma ya kasa samun wuri.

Yanzu firam biyu ne a falon. Tsohon yana inda yake. Sabon ya fi shi girma, an zagaye layi ɗaya a cikinsa da jan biro, kuma biron na Farfesa ne, ita ta ara. An rataye shi daidai inda yake fuskanta in ya zauna cin abinci. Ba ta cika magana a kansa ba. In gardama ta taso, ya gyara gilashi ya fara cewa ai shi bai taɓa, sai ta ɗaga cokali ta nuna bango, ta ci gaba da cin abincinta.

Rannan ya sake zuba gishiri a shayi. Ya kurɓa, ya ɗaga kai ya dubi bangon, ya dubi matarsa. Ya tura kofin gefe.

"A sake mini wani," ya ce.